Ƙwayar Ƙarfe Bakwai

Mijin yayata bai taɓa yarda a kira shi likita ba. Shekara talatin da huɗu ya yi a bayan tagar ba da magani ta asibitin mishan, kuma duk wanda ya ce masa "Likita" sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Disfensa dai. Likita ya rubuta, ni in auna." Haka sunan ya bi shi, har Yaya ma Disfensa take ce masa.

Makaranta ɗaya muka yi, yana gabana da aji huɗu. Sistocin da suka koyar da mu sun zuba mana abu biyu a jini: kiyaye lokaci da girmama abin da aka rubuta. Ni na ɗauki nawa na tafi koyarwa, shi ya ɗauki nasa ya shiga ɗakin magani. A zamanin ba kowane magani ke zuwa a shirye cikin kwali ba. Akwai turmin tangaran da 'yar taɓaryarsa, akwai ma'auni mai faranti biyu a cikin akwatin gilashi don kada iska ta taɓa shi, ga manyan kwalabe masu ruwan ƙasa jere a kan kanta, kowace da takardar da ya rubuta da hannunsa. Ɗakin warin aidin yake yi da kafur, har rigarsa ta ɗauka. In an tashi daga makaranta nakan biya in tsaya a gefen tagar in jira shi mu tafi gida tare, don unguwarmu ɗaya.

A nan na ga yadda yake aiki. Ba ya miƙa wa mutum magani sai ya gaya masa abin da maganin zai je ya yi, ko layi ya kai bakin ƙofa. Na tuna wani kafinta da aka rubuta wa ƙwaya sau uku a rana.

"Disfensa, ni fa aiki gare ni," in ji kafintan. "In haɗa ukun in watsa da safe mana, a wuce wurin."

"To ka haɗa abincin mako guda ka cinye ran Litinin, a wuce wurin."

Mutanen layi suka yi dariya. Disfensa bai yi ba. Ya jingina da tagar ya ce, "Saurara. Magani baƙo ne. Ta baki yake shiga, hanji ya miƙa shi ga jini, jini ya zaga da shi har ya kai shi ƙofar da mabuɗinsa ke buɗewa. A can zai yi aikinsa. Amma ba zama ya zo yi ba. Hanta tana farfasa shi, ƙoda tana tace shi ya bi fitsari ya tafi. Kafin na farko ya gama fita, na biyu ya iso ya karɓe shi. In ka tura uku lokaci ɗaya, da safe sun yi maka yawa, da yamma babu kowa a bakin aiki. Ka gane, ko in sake?"

"Na gane, wallahi na gane."

"Maimaita mini."

Sai da kafintan ya maimaita, gemai-gemai da shi, sannan aka ba shi ƙullinsa.

Yaya tana da shekara hamsin da biyu zuciyarta ta fara ba ta wahala. Ƙafafu suka kumbura, in ta share tsakar gida sai ta zauna tana haki. Likitan mishan na ƙarshe, wani dogon dattijo mai sanyin magana, shi ya duba ta. Ya rubuta mata wata 'yar farar ƙwaya da ake kira digoksin, guda ɗaya kowace safiya. A ƙasan katin ya ƙara layi ɗaya: a ƙirga bugun jini kafin a ba ta, in ya gaza sittin a minti kada a ba da. Cikin wata guda kumburin ya saɓe, Yaya ta koma kan keken ɗinkinta.

Shekara ta zagayo likitan ya koma ƙasarsu. Asibitin ya sauya hannu, aka kwashe turmi da ma'auni aka kai sito, ba a jima ba Disfensa ya yi ritaya. Katin kuwa ya shiga wani gwangwanin biskit tare da kwalbar ƙwayar. In ta kusa ƙarewa sai Disfensa ya je kyamis na bakin titi. Mai kyamis ɗin a hannunsa ya koyi aiki, saboda haka bai taɓa tambayarsa sabuwar takarda ba. Wa zai tambayi Disfensa takarda?

Shekara goma sha tara ana haka. Ƙarfe bakwai daidai, a baranda, Yaya a kan kujerar roba, shi a kan benci. Ya cire agogonsa ya aza a gwiwa, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta, leɓensa na motsi. Minti guda cur yake ƙirgawa, ba ya yarda da rabin minti a ninka. Bayan na yi tawa ritayar, ni ma na zama ɗan baranda, da kofin shayina.

"Kullum riƙe hannun mace a gaban ƙaninta," nakan ce. "Ko kunya babu."

"Sarkin alli, rufe baki ina ƙirga."

"Ƙyale shi, ɗan Inna," in ji Yaya. "Shekara talatin bai riƙe hannuna ba sai da zuciyata ta lalace. Bari in more."

Wata rana ya kama yatsuna ya ɗora a wuyan hannun Yaya. Abin da na ji ya ba ni tsoro. Bugu biyu da sauri, shiru, uku a jere, ɗaya mai rauni, kamar tafiyar akuya mai ɗingishi. Ya ce haka ciwon nata yake: ɗakunan saman zuciya ba sa bugawa, karkarwa suke yi, suna aika wa na ƙasa saƙo barkatai. Ƙwayar tana rage yawan saƙon da ke wucewa, tana kuma ƙara wa zuciya ƙarfin matsa jini. Ɗingishin ba zai tafi ba, amma ba zai zama gudu ba.

"Wannan ƙwayar ba ta wasa ba ce," ya ce. "Tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa bai fi kaifin reza ba. Shi ya sa ba na barin kowa ya taɓa gwangwanin nan."

'Yarsu ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, tana aiki a wani gari. Duk zuwan da za ta yi sai ta ta da maganar.

"Baba, a kai Mama a sake duba ta mana. Katin nan fa tun ina makaranta."

"A duba me? Ta kumbura? Tana haki? Na taɓa tsallake rana ɗaya? Yaran yanzu da ke rubuta magani biyar saboda mura, su za su gyara rubutun wancan likitan?"

"Kawu, ka sa baki."

Ni kuwa sai in ce, "Babanki ya fi mu sani." Da gaske nake, haka na ɗauka.

A shekarar da Yaya ta cika saba'in da ɗaya, lokacin zafi, ta yi gudawa na kwana uku. Disfensa ya haɗa mata ruwan gishiri da sukari, ta tsaya. Amma Yaya ba ta koma daidai ba. Abinci ya fita ranta, ko ƙamshin girki ta ji sai zuciyarta ta tashi. Tana yawan barci da rana, ita da ba ta iya zama wuri ɗaya. Muka ce ragowar ciwon ne.

Wata Alhamis da la'asar na same ta ita kaɗai tana ninke zannuwan gado. Disfensa ya tafi aski. Ta ɗaga wani farin zane tana juya shi a haske.

"Dubi abin da sabulun nan ya yi mini. Duk sun koma ruwan ɗorawa."

Na duba. Zanen fari ne tas.

"Yaya, fari ne fa."

"Har bangon ma," ta ce, tana kallon ɗakin. "Da rigarka. Kuma tagar can kamar an zagaye ta da zobe."

Na yi dariya. Na ce tsufa ne ya zo gaisuwa, a saya mata tabarau irin nawa mu zama biyu. Ta harare ni, sannan ta rage murya.

"Kada ka gaya wa Disfensa. Yanzu sai ya ƙaro mini wata ƙwayar, ni kuwa ko ruwa da ƙyar nake haɗiyewa. Ka ji ko, ɗan Inna?"

Tun ina yaro ban taɓa kai ƙarar Yaya ba. Na ce na ji.

Bayan kwana huɗu na iso baranda na tarar da Disfensa a tsaye, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Sarkin alli, zo! Kawo hannunka."

Ya ɗora yatsuna a wuyan hannunta. Ɗingishin ya tafi. Bugun yana zuwa ɗaya bayan ɗaya, a natse, babu gaggawa babu tsallake.

"Sittin da huɗu," ya ce. "Sau uku na ƙirga. Kamar agogo! Shekara goma sha tara ina jiran wannan safiyar. Uwargida, kin ji? Zuciyarki ta koyi tafiya."

"To madalla," in ji Yaya, idonta a lumshe. "Sai a sallame ni daga makarantar."

Sittin da huɗu ya haura sittin. Katin ya ce a ba da, ya ba da. Ba a yi minti ashirin ba ta amayar. Ya tsaya yana tunani, ya ce ƙwayar ba ta kai ga hanji ba, ke nan ba ta shiga jini ba, ranar za ta tafi a banza. Ya buɗe gwangwani ya ba ta wata. Ina zaune ina kallo, da maganar zannuwa a bakina, na haɗiye ta da shayi. Na ga mutum yana murna, na ce ba yau ba.

Ran Asabar Auta ta zo, saboda babanta ya buga mata waya ya yi mata albishir. Ta shiga ɗaki da fara'arta, ba ta yi minti biyar ba ta fito fuska a murtuke.

"Baba, Mama ba ta gane ni ba. Inna take ce mini. Tana tambayata ko an ɗebo ruwa."

"Barci ne bai sake ta ba. Jikinta ba ƙarfi, ba ta cin abinci."

"Asibiti za mu tafi yanzu."

"Ke, ni za ki koya wa? Bugunta sittin da biyu yau, daidai kamar an ja layi. Tun kina goye nake..."

"Ban ce ba ka sani ba, Baba. Na ce uwata ba ta gane ni ba!"

Suka tsaya suna kallon juna, ita da makullin mota a hannu, shi ya tare ƙofa. Don in raba su ne kawai na yi magana. Na ce wataƙila a duba idonta ma in an je, tunda ta ce komai ruwan ɗorawa take gani.

Disfensa ya juyo a hankali.

"Me ka ce?"

Na maimaita. Na faɗi zannuwan, da bangon, da zoben da ke kewaye da taga.

"Yaushe?"

"Ran Alhamis ta wancan makon."

Na ga leɓensa na motsi, yana ƙirga kwanakin. Tara. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko gwangwanin biskit, ya ce wa Auta, "Tayar da motar." Shi da kansa ya tallabo Yaya, mutumin da ya ba saba'in baya, bai bar ni na kama ba.

A babban asibiti wata matashiyar likita ce ta karɓe mu. Aka ɗebi jini, aka manna wa Yaya wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciyarta a doguwar takarda. Da sakamako ya fito, likitar ta kira mu wani ɗan ofis mai kujera biyu. Disfensa ya ƙi zama.

"Baba, yaushe aka auna ƙodarta na ƙarshe?"

Ya buɗe gwangwani ya miƙa mata katin da hannu biyu. Ta duba kwanan watan, ta sake dubawa, ta ɗago.

"Tun wannan ba a sake ba?"

"Ban taɓa tsallake rana ba," ya ce. "Ban taɓa ƙarawa ba, sai sau ɗaya da ta yi amai."

"Na yarda, Baba. Adadin daidai ne ga matar da aka rubuta wa. Amma waccan shekararta hamsin da biyu, ƙodarta garau, kuma ta fi wannan nauyi. Ƙoda tana tsufa a hankali ba tare da ta yi ciwo ba. Gudawar nan ta zo ta ƙarasa ta, yanzu ko sulusin aikinta ba ta yi. Wannan ƙwayar kuwa ta ƙoda take fita. Kullum kuna zuba guda..."

"Ba ta fita," ya ƙarasa mata. "Ta jiya na nan, ta shekaranjiya na nan." Sannan ya ce, "Amma bugun ya daidaita, likita. Da hannuna na ji."

Ta shimfiɗa doguwar takardar a kan tebur ta nuna masa da biro. Ta ce ba warkewa ba ce. Maganin ne ya yi yawa har ya toshe hanyar saƙo gaba ɗaya, babu abin da ke sauka daga ɗakunan sama. Da na ƙasa suka ji shiru sai suka kama bugun kansu, shi ya sa ya zo a jere. A mai irin ciwonta, in ɗingishi ya ɓace rana ɗaya, alamar guba ce.

"Ba a koya mana wannan ba," ya ce, ba da ita yake ba. "Sittin aka ce mana."

Akwai allurar da ke kama maganin a cikin jini, amma babu ita a asibitin, sai an aiko daga nesa. Aka aika. Kafin nan aka tsayar da ƙwayar, aka sa mata ƙarin ruwa, aka ce sai jira. Likitar ta ce a mai lafiyar ƙoda, kwana ɗaya da rabi ya isa rabin maganin ya fita. A jikin Yaya zai kai kwana huɗu. Disfensa ya zauna a gefen gado yana kallon jakar fitsarin da ke rataye, ɗigo-ɗigo, kamar zai taya ta.

Rana ta biyu da hantsi Yaya ta farka garau. Ta gane Auta, ta gane ni, ta ce gashina ya yi buzu-buzu. Sannan ta juya wajensa.

"Disfensa, rana ta yi. Ba ka ba ni ƙwayata ba."

"Likita ta ce a huta."

"Yau kuma ka ji maganar yara?" Ta yi murmushi. "Lallai duniya ta zo ƙarshe."

Ya buɗe baki zai yi magana. Na san abin da yake so ya faɗa, ita ma ina jin ta sani, don ta riga shi. Ta ce ƙishirwa take ji, ya miƙo mata ruwa. Ya riƙe mata kofin ta sha.

Washegari wajen ƙarfe goma sha ɗaya zuciyarta ta rikice, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, ba ta dawo ba. Allurar ta iso da yamma.

Sau ɗaya tak muka yi maganar, bayan masu ta'aziyya sun watse. Na ce masa da na faɗa tun ranar Alhamis, da an sami kwana tara. Ya ce, "Da ka faɗa da na gane, wannan kam yana cikin littafinmu. Amma kai kwana tara ka riƙe. Ni shekara goma sha tara." Auta ba ta taɓa ɗora wa ɗayanmu laifi da baki ba. Ta dai daina ce mini in sa baki a kan komai.

Na ɗauka zai shige ɗaki ya rufe ƙofa. Bayan mako uku sai ga shi a ƙofar gidana da sassafe, da takalmin fita. Ya ce in raka shi. Ashe akwai tsofaffi huɗu a unguwar da shi ke lura da maganinsu tun shekaru, kowanne da tsohon katinsa: mai gyaran rediyo, da wata gwauruwa mai ciwon sukari, da tsohon direba, da tela. Ɗaya bayan ɗaya ya kai su asibiti, ya zauna a benci a ƙofar ɗakin gwaji har a gama. Uku ba su yi gardama ba. Telan ne ya ba shi wahala, shi da yake shan irin ƙwayar Yaya shekara goma sha ɗaya.

"Ni lafiyata ƙalau, Disfensa. Ga ɗinkin mutane jibge. Kai ne fa ka ce kada in kuskura in canza ko ƙwaya ɗaya."

"Ni na faɗa. Tashi."

"To me ya canza?"

"Kai ka canza. Awon da ka yi wa mutum shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da shi kake yanka masa riga yau?"

Telan ya dube shi, ya dube ni, ya cire tef daga wuyansa ya rufe shago.

Mun fi awa uku a kan bencin nan. Da telan ya fito daga wurin likita yana ta mita: an ce ƙodarsa ta ja baya, an mai da shi rabin ƙwaya, kuma wai duk wata shida sai ya dawo an ɗebi jininsa, kamar jinin a rijiya yake ɗiba. Disfensa ya karɓi sabon katin ya karanta har ƙasa, ya mayar masa.

"Ka riƙe a wurinka," ya ce. "Kada ka kawo mini."

Bai sake ba wa kowa magani da hannunsa ba. In maƙwabta suka zo da kwali suna tambaya, yakan yi musu bayanin yadda maganin ke aiki, dalla-dalla kamar da, sannan ya tambaye su yaushe likita ya gan su na ƙarshe. Ya yi shekara biyu da wata biyar bayan Yaya. Ciwon huhu ne ya ɗauke shi, cikin kwana shida.

Telan yana nan da ransa, ya haura tamanin. In na bi ta gaban shagonsa sai ya tsayar da ni ya yi mini ƙorafin 'yar ƙwayar, wai ta cika ƙanƙanta, in ya zo raba ta da almakashi rabi sai ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin keke. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙan mijin yayarka. Mutumin nan ya san aikinsa. Ko yaya aka yi ya gane ƙodata ta gaji, ni da ban ji komai ba?"

Nakan ce amin, in tambaye shi ko ya je gwajin wannan watan.